Furotozowa: Ƙwayoyin Cutar Da Ba Bakteriya Ba, Ba Kuma Bairos Ba

A Hausa kalma ɗaya muke da ita, wato "ƙwayar cuta". Da ita muke kiran abin da ke kawo mura, da abin da ke kawo taifot, da na maleriya, da na ƙyasbi. Wannan ya sa mutane da yawa suke ɗaukar cewa duk abu ɗaya ne, maganin da ya kashe wannan zai kashe wancan. Shi ya sa da zarar jikin yaro ya yi zafi sai a nufi kemis a sayo Ampiclox, in gudawa ce a sayo Flagyl. Idan aka yi rashin sa'a maleriya ce ke damun yaron, bayan kwana uku ana ba shi maganin da bai shafe ta ba, sai a kawo shi asibiti jininsa ya yi ƙasa, wani ma har ya fara jijjiga.

Ƙwayar da ke kawo maleriya tana cikin wani rukuni da ake kira furotozowa. Masana sun shafe fiye da shekara 300 suna neman inda za su ajiye wannan rukuni a cikin jerin halittu. Amsar da suka samu ita ce take faɗa wa likita maganin da zai yi aiki da wanda ba zai yi ba.

Rukunan ƙwayoyin cuta

Abubuwan da ke shiga jiki su haifar da cuta sun kasu gida biyar:

1. Bairos. Shi ne mafi ƙanƙanta, ba ya iya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayar halittar wani. Shi ke kawo mura, ƙyanda, shan inna da cuta mai karya garkuwar jiki.
2. Bakteriya. Ita ke kawo taifot, kwalara, tarin fuka da yawancin sanƙarau mai tsanani.
3. Fungas, wato dangin funfuna da yis. Shi ke kawo ƙyasbi, makero da farin ƙurajen bakin jarirai.
4. Furotozowa. Su ke kawo maleriya, wani nau'in atini, ciwon barci da sauransu.
5. Tsutsotsi, irin su tsutsar ciki da wadda ke kawo tsargiya.

Yadda jikin furotozowa yake

Kamar yadda ake haɗa tubali da tubali a yi gini, haka jikin kowane mai rai yake haɗe da ƙananan tubala da ake kira ƙwayoyin halitta. Jikin mutum yana da su bila adadin. Bakteriya da furotozowa kuwa kowannensu ƙwaya ɗaya ce tal, a cikinta take ci, take motsi, take hayayyafa. A nan kamarsu ta tsaya.

Ƙwayar bakteriya kamar shago ne mai ɗaki ɗaya, komai a zube wuri guda. Kundin gadonta, wato DNA, ba shi da ma'ajiya ta musamman. Yawancinsu kuma suna da wani bango mai tauri da ya kewaye su. Ƙwayar furotozowa kuwa kamar gida ne mai ɗakuna. Tana da cibiya, wadda ake kira nukiliyas, inda aka killace kundin gado, tana kuma da wasu sassa kowanne da aikinsa. Irin wannan tsari shi ne na ƙwayoyin jikin mutum, da na dabbobi, da tsirrai, da fungas. Duk halittar da ƙwayarta ke da cibiya ana kiranta yukariyot.

A girma ma akwai bambanci. Idan aka raba milimita ɗaya gida 1,000, kowane kaso shi ake kira maikuron. Yawancin bakteriya ba su wuce maikuron 1 zuwa 3 ba. Jar ƙwayar jini tana kai 7 zuwa 8. Amiba mai kawo atini tana iya kai 20 ko fiye, har ma takan haɗiye jajayen ƙwayoyin jini, a gan su a cikinta idan aka duba da madubin likita.

Abin lura a nan shi ne, ta fuskar gini furotozowa sun fi kama da mu a kan bakteriya. Wannan ne ya sa samo maganin da zai kashe su ba tare da ya taɓa jikin majiyyaci ba yake da wuya.

Dabba ce ko tsiro?

Wanda ya fara ganinsu wani ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ke haɗa madubai da hannunsa. A shekarar 1674 ya duba ruwan tafki, ya ga wasu ƙananan abubuwa suna iyo, ya kira su 'yan ƙananan dabbobi. A 1681 kuma ya duba bayan gidansa lokacin da yake fama da gudawa, ya ga wasu suna motsi. Daga yadda ya siffanta su, masana suna ganin jiyadiya ce ya gani.

A 1735 Carl Linnaeus, masani ɗan ƙasar Suwidin, ya fitar da tsarinsa na rarraba halittu, inda ya kasa masu rai zuwa masarautu biyu, ta dabbobi da ta tsirrai. Ma'aunin mai sauƙi ne: abin da ke motsi yana neman abinci dabba ne, abin da ke tsaye wuri ɗaya tsiro ne. Da wannan ma'auni aka tura waɗannan ƙananan halittu cikin dabbobi. A 1818 wani Bajamushe, Georg Goldfuss, ya raɗa musu suna furotozowa, kalmar Girkanci mai nufin dabbobin farko.

Sai dai wasu daga cikinsu sun ƙi zama inda aka ajiye su. Akwai wadda ake kira yugilina, tana rayuwa a kududdufi. Koriya ce, tana haɗa abincinta da hasken rana kamar ganye, amma tana da wata 'yar bulala da take kaɗawa ta yi iyo. Ta zama kamar jemage, ita ba tsuntsu ba, ita ba dabba ba. Masana dabbobi suka ce tasu ce, masana tsirrai ma suka ce tasu ce.

A 1866 Ernst Haeckel, shi ma Bajamushe, ya ba da shawarar a buɗe masarauta ta uku mai suna Furotista, a zuba duk ƙananan halittun nan a ciki, har da bakteriya. Da madubai suka ƙara inganta aka ga cewa bakteriya ba ta da cibiya, sai aka ware ta. A 1969 Ba'amurke Robert Whittaker ya kawo tsarin masarautu biyar: bakteriya, furotista, fungas, tsirrai da dabbobi. Shi ne tsarin da yawancinmu muka koya a sakandare. A cikinsa furotista ta zama jakar magori. Duk mai cibiya da ba dabba ba, ba tsiro ba, ba fungas ba, nan ake jefa shi.

Su kuma furotozowa aka raba su gida huɗu bisa yadda suke motsi: masu rarrafe suna sauya siffa kamar amiba, masu bulala kamar jiyadiya, masu gashi-gashi a jiki, da waɗanda ba su da abin motsi a fili kamar ƙwayar maleriya. Har gobe ma'aikatan ɗakin gwaji suna amfani da wannan rabo, domin shi ido ke gani.

Abin da binciken gado ya bayyana

Daga 1977 Carl Woese a Amurka ya fara auna dangantakar halittu ta hanyar kwatanta sinadaran gadonsu, ya bar dogaro da kamanni. A 1990 shi da abokan aikinsa suka raba duk masu rai zuwa manyan rassa uku: bakteriya, da wasu masu kama da su da ake kira arkiya, sai yukariyot.

Da aka bi furotozowa da irin wannan bincike sai ta bayyana cewa ba dangi ɗaya ba ne. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Amiba mai kawo atini ta fi kusa da mutum da fungas a salsala fiye da yadda take da ƙwayar maleriya. Ƙwayar ciwon barci 'yar uwar yugilina ce, koriyar nan ta kududdufi. Ƙwayar maleriya kuwa danginta na kusa wasu ƙananan halittun teku ne, da dama daga cikinsu masu haɗa abinci da hasken rana. Don haka a yau masana ba sa ɗaukar furotozowa ko furotista a matsayin masarauta ta jini ɗaya. Likitoci sun ci gaba da amfani da sunan ne saboda sauƙin aiki. Ma'anarsa a asibiti ita ce ƙwayar cuta mai ƙwayar halitta ɗaya, mai cibiya, wadda ba fungas ba.

Cututtukan da suke kawowa

Maleriya. Ƙwayarta falasmodiyam, macen sauro ke yaɗa ta. Nau'i biyar ne ke kama mutum, amma falsifaram ne mafi yawa a Afirka, shi ne kuma mafi kisa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke. Wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, shi ya fara ganin ƙwayar a jinin majiyyaci a Aljeriya cikin 1880, a lokacin da wasu masana ke cewa bakteriya ce ke kawo cutar. A 1897 Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya.

Atinin amiba. Ana ɗaukarsa ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Yana kawo bayan gida mai jini da majina, wani lokaci kuma ƙwayar ta bi jini ta je hanta ta tara mugunya.

Jiyadiya. Ita ma ta ruwa da abinci take shiga. Tana kawo gudawa mai ɗaukar makonni, mai wari da maiƙo, da kumburin ciki da rama, musamman a yara.

Tirikomonas. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta. Tana sa mace fitar da ruwa mai wari da ƙaiƙayi. Maza da yawa suna ɗauke da ita ba tare da wata alama ba.

Ciwon barci. Ƙudan tsando ke yaɗa shi. Dangin ƙwayarsa ne ke sa wa shanu sammore. Ya ragu sosai a Afirka, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ya daina zama barazana ga lafiyar jama'a a Gana a 2023, a Chadi kuma a 2024.

Lishmaniya. Wani ɗan ƙuda da bai kai sauro girma ba ke yaɗa ta. Wani nau'in yana kawo gyambon fata mai wuyar warkewa, ana samunsa a arewacin Najeriya da Nijar. Wani kuma, kala'azar, yana kumbura saifa da dogon zazzaɓi, yana da yawa a gabashin Sudan, musamman yankin Gadarif, kuma yana kisa idan ba a yi magani ba.

Tokzofilasma. Ana samunta daga kashin kyanwa da naman da bai dahu ba. Ba ta cika damun mai lafiya ba, amma tana da haɗari ga ɗan tayi da mai raunin garkuwar jiki.

Yadda wannan rabo ya shafi magani

Na farko, fenisilin da danginsa, irin su amoksisilin da Ampiclox, aikinsu shi ne hana bakteriya gina bangonta, sai ta fashe. Ƙwayoyin jikinmu ba su da wannan bango, shi ya sa maganin ba ya kashe su. Furotozowa ma ba su da shi. Saboda haka ko kwali nawa mai maleriya ya sha, ƙwayar ba za ta ji komai ba.

Na biyu, wani zai ce ai ya ga an rubuta wa matafiyi doksisaikilin don kariya daga maleriya, alhali maganin bakteriya ne. Haka ne, kuma dalilin yana cikin asalin ƙwayar. A 1996 aka tabbatar cewa a cikin falasmodiyam akwai wani ɗan sashe da ta gada daga kakanninta masu haɗa abinci da hasken rana, wanda shi kansa tushensa bakteriya ne. Ya daina aiki da haske, amma ƙwayar ba ta rayuwa in babu shi. Wannan sashe doksisaikilin da kilindamaisin suke lalatawa. Sai dai aikinsu yana da jinkiri, ba su isa su warkar da maleriya su kaɗai ba. Kuma ba a ba mai juna biyu ko yaro ɗan ƙasa da shekara 8 doksisaikilin don maleriya. Maganin maleriya marar tsanani shi ne haɗin atemisinin, irin su Coartem, na kwana uku cur. Mai tsanani kuwa allurar atesunet ce a asibiti.

Na uku, metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, ba ya zama dafi sai ya shiga ƙwayar da ke rayuwa inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, ita da kanta take juya shi ya kashe ta. Amiba, jiyadiya da tirikomonas duk irin wannan rayuwa suke yi, haka ma wasu bakteriya. Ƙwayar maleriya ba ta cikinsu, bairos ma haka. Yawancin gudawar ruwa a ƙananan yara bairos ne ke kawo ta, abin da take buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14. Gudawa mai jini a yara kuma ta fi zuwa daga bakteriyar shigela, wadda Flagyl ba ya kashewa. Ko da amiba ce, bayan an gama metronidazol likita yakan ƙara wani magani, kamar faromomaisin ko dilokzanaid, don share ragowar da ta maƙale a hanji.

Na huɗu, abin da mata ke kira ciwon sanyi misali ne mai kyau. Fitar ruwa da ƙaiƙayin gaba suna iya zuwa daga fungas, ko daga bakteriya, ko daga tirikomonas. Rukuni uku ke nan, alamominsu masu kama da juna. Metronidazol yana maganin biyun ƙarshe amma ba ya taɓa fungas, yawan shan antibayotik ma yana iya tayar da shi. Idan kuma tirikomonas ce, dole a yi wa mace da mijinta magani lokaci guda, tare da abokan zamanta in akwai, in ba haka ba cutar za ta yi ta dawowa.

Na biyar, gyaran rabo yakan warware abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai. Akwai ƙwayar nimosistis, mai kawo mummunan ciwon huhu ga masu cuta mai karya garkuwar jiki. Shekaru da dama ana lissafa ta cikin furotozowa, sai a 1988 binciken gado ya nuna fungas ce. Amma fungas ce ta daban, ba ta da sinadarin da magungunan fungas irin su fulukonazol ke kai wa hari, don haka ba sa mata komai. Septrin ne maganinta, kuma yana daga cikin dalilan da ake ba masu wannan lalura shi kullum don kariya. Kada a daina shansa sai da izinin likita.

Karanta takardar gwajin bayan gida

A nan ma sunaye suna rikita mutane. Za ku iya ganin an rubuta "E. histolytica", sunan amibar atini ke nan. Amma a 1993 aka tabbatar cewa abin da ake kira da wannan suna jinsi biyu ne. Ɗayan, wanda ake rubutawa "E. dispar", ba ya cutarwa, kuma shi ya fi yawa a hanjin mutane. A ƙarƙashin madubi ƙunshinsu iri ɗaya ne sak, sai da gwaji na musamman ake bambance su. Shi ya sa likita yake haɗa sakamakon da alamomin da majiyyaci ke da su kafin ya yanke hukunci.

Haka kuma "E. coli" suna ne na abu biyu. A gwajin fitsari yana nufin bakteriya mai kawo ciwon mafitsara. A binciken bayan gida da madubi kuwa yawanci yana nufin wata amiba marar cutarwa. Ita ba ta buƙatar magani, amma ganinta alama ce cewa ruwa ko abincin gidan yana gurɓata.

Me ya sa rigakafin maleriya ya daɗe bai samu ba?

Bairos ɗin ƙyanda ƙwayoyin gado 6 kawai gare shi. Falsifaram yana da fiye da 5,000, yana sauya siffa daga sauro zuwa hanta zuwa jini, yana kuma sauya rigar da garkuwar jiki ke gane shi da ita. Sai a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar rigakafin maleriya ta farko, ta biyu kuma a 2023. Najeriya ta fara bayarwa a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024. Allurar tana rage kamuwa da tsananin cutar a yara, amma ba ta maye gurbin gidan sauro ba.

Abin da ya kamata ku yi

1. A yi gwajin jini kafin shan maganin maleriya. Gwajin gaggawa ba ya wuce minti 20. Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba.
2. Maleriya furotozowa ce, taifot bakteriya ce. Maganinsu daban, gwajinsu daban. Gwajin Widal shi kaɗai bai isa ya tabbatar da taifot ba.
3. A shanye magani har ƙarshe ko da an ji sauƙi. Rashin yin haka yana taimaka wa ƙwayar ta bijire, kamar yadda ta bijire wa kilorokwin.
4. A tafasa ruwan sha idan ba a yarda da tsabtarsa ba. Amiba da jiyadiya suna fita daga jiki a cikin wani ƙunshi mai tauri da ke jure kulorin fiye da bakteriya, amma tafasawa tana kashe shi.
5. A wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayan gida, bayan yi wa yaro tsarki, da kafin taɓa abinci. A wanke latas, kabeji da tumatir da ruwa mai tsabta.
6. A kwana cikin gidan sauro mai magani, musamman yara da masu juna biyu. A karɓi maganin kariya na damina da ake raba wa yara, mai ciki kuma ta riƙa zuwa awo.
7. Kada a sha barasa yayin shan metronidazol.

Yaushe za a garzaya asibiti?

A kai majiyyaci nan take idan zazzaɓi ya zo da jijjiga, ruɗewa ko barcin da ba a iya tayar da shi, amai babu tsayawa, kasa shan nono ko ruwa, numfashi da ƙyar, farin tafin hannu da ido, idanu su yi rawaya, ko fitsari ya yi baƙi. Haka nan bayan gida mai jini, gudawar da ta wuce mako biyu, zazzaɓi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da kowane zazzaɓi a mai juna biyu ko jaririn da bai kai wata 3 ba.

Idan likita ya ce muku ƙwayar cuta ce, ku tambaye shi wace iri: bairos, bakteriya, fungas, furotozowa ko tsutsa? Haƙƙinku ne ku sani, kuma amsar za ta fahimtar da ku dalilin da ya sa aka rubuta wannan magani aka bar wancan.